Goran Baba da Jakar Iskata

Daren Alhamis, unguwar Shisha, Makka.

Yau dai na dawo daga Jidda da kayan nutsona na farko, na huta da haya. Farantin baya da ake ɗaura wa tukunyar iska, na ƙarfe ya fi ƙarfin aljihuna, sai na ɗauki na alminiyam, da jakar iska ta hannu wadda ba ta yoyo. Khalas, shi ke nan.

Na so in shige da su a ɓoye, don Inna ba ta ƙaunar zancen teku. Sai ga ta a falo.

"Mene ne wannan kuma, Habibu?"

Na ce jakar ce ke riƙe mutum a saman ruwa, na hura mata ita. Ta rungume ta a ƙirji.

"Haka babanka yake kwanciya kan goransa a Yawuri, yana su," in ji ta. "Tunda muka zo Makka bai sake shiga ruwa ba har ya rasu."

Ni a direban tasi kawai na san shi. Sai na tuna yadda yakan tsayar da mota a bakin tekun Jidda, ya daɗe tsaye, mu yara muna ƙorafin zafi.

Ta miƙo min jakar. "Je ka shiga. Shi kallo kawai ya samu."