Lamba Huɗu, Gernot

Talata, 8 ga Afrilu

Wasiƙa daga kulob. Wai za su yi bikin cika shekara ɗari, suna son tsofaffin 'yan wasa mu fito fili kafin wasan ƙarshe na gida. Yanzu suka san ina raye! Shekara goma sha ɗaya na yi musu ina tsaron baya, wasa ɗari uku da doriya, gwiwoyina biyu na bar musu a filin nan. Amma ka ce Gernot Kaluza a garin nan, abu ɗaya ne: wanda ya ci gida a minti na tamanin da takwas, muka faɗa rukuni na biyu. Tun daga ranar ƙafata ba ta sake taka filin ba. Shekara ashirin da bakwai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Marlies ta tsinci wasiƙar a kwandon shara, ta goge mata garin kofi ta ajiye min kusa da burodi. "Ni dai na gaji da auren mutumin da ke kewaye rabin gari don kada ya ga fitilun fili," in ji ta. Na ce ba tsoro ba ne. Ta ce to mene ne?

Tsoro ne. Na san yadda ake yi. Mai sanarwa zai kira sunan farko a lasifika ya yi shiru, jama'a su ƙarasa da sunan gidanku da ƙarfi. Ni in ya ce "Gernot", fiton wulaƙanci za su yi min, mutum dubu ashirin, matata na zaune tana ji.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Gwiwar hagu ta hana ni sauka ƙasa ɗauko giya. Tir.

Laraba, 7 ga Mayu

Na ce zan je, don Marlies ta bar ni in sha iska. Ashe Ecki ma zai zo, golanmu na lokacin. Shi na zura wa ƙwallon. Ya yi ihu "bar min!", na ji shi sarai, na sa wa ƙwallon kai duk da haka. A ɗakin sauya kaya ya kira ni jaki a gaban kowa, na jefe shi da takalmi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Asabar, 10 ga Mayu

An jera mu a tsakiyar fili, tsofaffi da tumbi cikin sabbin riguna. Ecki suka sa a gefena, kansa ba gashi ko ɗaya. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

Aka kira ɗan gabanmu, fili ya ɗauka kamar zai tsage. Mutumin da bai taɓa komawa baya ya taya mu ba ko sau ɗaya! Sai na ji, "Lamba huɗu, Gernot..." Na cije haƙori ina jiran fito.

Shiru. Ba fito, ba zagi. Yara ne cike da bayan raga, suna cin tsiran alade suna duba waya, ba a haife su ba lokacin. Na ga mai sanarwar ya sunkuya yana neman sunana a takarda.

Sai wata murya ɗaya a kunnena, a shaƙe: "Kaluza!" Ecki ne, har jijiyoyin wuyansa sun tashi. Wasu suka yi dariya, aka ɗan tafa, aka wuce zuwa lamba biyar.

Ban ce na gode ba. Shi ya fara magana, idonsa na kan 'yan kallo: "Har yanzu kai jaki ne. Na ce ka bar min."

Shekara ashirin da bakwai ina ɓuya wa mutanen da ba su ma san ni ba. Da fiton suka yi da ya fi min sauƙi, wannan kuwa ya ƙona min rai.

Litinin, 12 ga Mayu

Ecki ya bugo waya. Wai tsofaffi na taɓa ƙwallo duk Alhamis, ba gudu, tafiya kawai ake yi, kuma ba su da ɗan baya. Na ce da wace gwiwar? Na ce ba zan zo ba.

Ƙarfe shida ne wai. Na rubuta ne kawai don kada in manta lokacin da ba zan je ba.