Kacalar da Muka Shuka a Challawa

Litinin. Na share bakin magudana.

Zuwa ga Atika,

Bayan sallama, ina fata kina lafiya, ke da yara da Gwaggo. Allah Ya sa zamanku a wurinta ya kusa ƙarewa.

Kin san hukuma ta ce ba mai aza bulo a filayenmu sai ruwan masana'antun fata ya daina shiga kogi da dauɗarsa. Shi ya sa ƙungiyarmu ta haƙa tafkuna, muka shuka ciyawar kacala don saiwoyinta su riƙa tsotse dattin. Ni aka ɗora wa kula da su, ban san me suka gani a jikina ba.

Ranar Asabar na tafi ɗaurin aure Dakata. Malam Inuwa, dattijon nan mai fili kusa da namu, ya ga kacala ta cika tafki. A garinsu Haɗeja ita ta cinye masa gonar shinkafa. Sai ya kira gayya, har da kunu, suka yanke ta tas, can ƙarƙashin ruwa yadda ba za ta sake tashi ba. Wai ya ga aiki ya yi mini yawa. Da ya tare ni yana murmushi, sai da na yi masa godiya kafin na iya yi masa bayani.

Masu gwajin ruwa za su zo bayan salla. Ki yi mana addu'a.

Mijinki,
Shu'aibu

Laraba, bayan salla. Na duba tafkin farko.

Atika,

Ina gaisuwa, ya ƙoƙari da yara?

Washegarin wasiƙata Malam Inuwa ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ce in rage ruwan, in kututturen ya sha iska zai tofo. Na yi ta shakka, amma na rage. Yanzu tafkin ya yi kore shar. Kullum yana bakinsa da sanda yana korar awaki, yana cewa bai taɓa zaton zai yi wa kacala gadi ba. Bulus, abokin aikina, yana kiransa Sarkin Kacala.

Masu gwajin sun cika kwalabensu jiya. Ba su ce komai ba tukuna, amma na ga ƙananan kifaye a mafitar ruwa. Na leƙa sosai, kifaye ne.

A gaida Gwaggo.

Naki,
Shu'aibu

Aikin gobe:
Ƙara ruwan tafki kaɗan.
Kai wa Malam Inuwa goro.
Tambayar Atika ta ina take son tagar ɗakinta in an fara gini.