Shida a Dama, Bakwai a Hagu

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Ƙawata Hanifa ce ta kawo min littafin har gida, wai don kada in ji a bakin wasu. Na san halinta, fuskata ta zo kallo. Littafin zane ne, irin wanda 'yata Afnan ke kira komik, amma na manya. Sunan Afnan a bangon littafin, ɓaro-ɓaro, haɗe da sunan mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Na ce wa Hanifa, "Ai na sani, ta nuna min tuntuni." Ƙarya. 'Yar da na haifa ta yi shekara biyu tana zana ni ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na karanta. Wata mata ce mai tsage a kumatu, mai aiki a kanti. Ta je wurin likita ya goge tsagen. Daga nan ta koma a gyara hanci, sai leɓe, sai ido. A shafin ƙarshe ba ta da fuska sam, fari fat kamar ƙwai, tana tambayar madubi ko ta yi kyau.

Mayafina ruwan toka ne a jikin matar. Har yadda nake riƙe ƙugu in na gaji.

Ni ban taɓa hancina ba. Ban taɓa leɓena ba. Tsage kawai.

Talata, 8 ga Oktoba

Na kira ta a lokacin hutun aiki, ina zaune cikin mota a titin Wendover, nan ƙasar Turawa. Na ce, "Afnan, ni ce ƙwan?" Ta ce, "Mama, it's not about you." Wai magana ce a kan yadda duniya ke matsa wa mata. Duniya! Na ce to duniya ce ke sa mayafina? Sai ta ce ita fuskar da ta tashi tana gani take kewa. Na kashe wayar.

Juma'a, 11 ga Oktoba

A masallaci kowa ya gani. Wata ta ce, "Anti Larai, ashe 'yarki ta zama babbar mai zane," idonta a kumatuna. Su da ke shafa man bilicin har gwiwar hannu, su ne yau masu tausaya min.

Asabar, 12 ga Oktoba

Bari in rubuta abin da babu a littafinta.

Babu ranar da tana aji uku ta tsaya a ƙofar mota ta ce kada in ƙara shiga makarantarsu, in riƙa jira a waje. Yara sun tambaye ta ko damisa ce ta yakushi uwarta. Shekara tara ina jira a waje. Ranar da aka ba ta kyautar zane ma a bayan zaure na tsaya, na ja mayafi har hanci.

Babu kwastoman da ya miƙo min katin wata ƙungiya mai taimakon matan da miji ke duka. Babu matar da ta ɗauke ni hoto ba ta tambaya ba. Shekara goma sha bakwai ina bayani a kantin da nake aiki: a'a, ba hatsari ba ne, a'a, ba ya ciwo, ina jaririya aka yi, a garinmu ado ne, shaidar gida ce. Na gaji da zama darasi. Ba kyau na je nema wurin likita ba. So nake in miƙa wa mutum kayansa ya ce na gode ya wuce.

Sau takwas na kwanta ana ƙona min fuska da leza. Ita tana kwaleji, ba ta zo ko sau ɗaya ba. Da ta dawo hutu ta gan ni, cewa ta yi, "Oh." Shi ke nan.

Yanzu da tsage ya zama abin sha'awa a wurin malamanta, ta tuna tana kewarsa.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ta turo saƙo sau huɗu. Ban buɗe ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na buɗe na ƙarshe. Murya ce, da Hausarta mai tuntuɓe. Wai za a sake buga littafin, tana son gyara shafin farko. "Mama, tsagen guda nawa ne? Na duba hotuna, duk kin juya fuska ko kin rufe. Na kasa tunawa."

Na koma na ƙirga a littafin. Biyar-biyar ta yi, a miƙe kamar layin takarda. Wannan ba Bagobira irina ba ce, ba 'yar kowa ba ce.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na je gidanta. Ba sulhu na je yi ba, kuskure na je gyarawa. A mota na ɗauko kwalli na bi gurbin tsagen da yatsa ina zana su, don har yanzu ina jin su ƙarƙashin fata ko ido bai gani. Shida a dama, bakwai a hagu, daga gefen baki su baje zuwa kunne.

Ta buɗe ƙofa ta tsaya. Na ce, "Ɗauko fensirinki, ba zama na zo yi ba." Ta ɗauko. Ta soma maganar makaranta, wai ta tuna abin da ta ce min tana ƙarama. Na ce, "Zana kawai." Ban yafe ba, ban kuma ce na yafe ba.

Awa biyu na zauna mata. Ta dafa shinkafa, ta caɓe, na ci.

Da na fito na manta ban goge kwallin ba. Na tsaya shan mai, na shiga kanti na sayi albasa. Mutane sun kalla, kamar da. Alwalar la'asar ce ta wanke shi, ba ni ba.