Shan Kofi Ya Hana Ni Shiga Ankona

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya sanyin Jos? Ya ƙafar Inna? Mu nan Lugbe lafiya lau.

Kin san wata biyu ke nan na daina karyawa, kofi kawai nake sha don in rage ƙiba kafin bikin autarmu Hauwa. To jiya na gwada ankona wurin tela, zif ya ƙi rufuwa. Matar ta sake auna ni, ta ce, "Hajiya, ai ƙaruwa kika yi."

Na kai kuka wurin maƙwabciyata, wata nas. Ta tambayi yadda nake haɗa shi. Na ce na leda ne, mai madara da sukari a ciki, biyu nake juyewa lokaci guda, in tsiyaya madarar gwangwani, kullum sau uku a ofis. Ta ce, "Ai alewa kike narkawa. Da ƙosanki kika ci, da ya fi."

Yanzu baƙinsa nake sha, ɗaci kamar maɗaci.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da Inna. In kina da ragowar atamfar nan, ki aiko mini yadi ɗaya a ƙara. Kada Hauwa ta ji.

Ƙanwarki,
Zainab