Hannun Dama da Hanyar Chartreuse

Asabar, 14 ga Satumba

Na faɗi. Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace.

Kulob ɗin kekenmu na Rillieux, unguwarmu a gefen Lyon ta Faransa, ya kai mu duwatsun Chartreuse. Siririyar hanya ce cikin itatuwa, babu mota, babu mutum, sai ƙarar taya kan ƙananan duwatsu da ƙararrawar shanu can nesa. Amine yana gabana, ɗan ajinmu, wanda saboda shi na shiga kulob ɗin, shi kuwa bai ma sani ba. Ina kallon bayansa ina shirya abin da zan ce idan ya waiwayo, sai ga saiwar itace. Na damƙe birkin gaba. Kaina ya tsira saboda hular kwano, amma a kan hannun dama na sauka.

A littattafaina na soyayya, nan ne saurayi yake jefar da kekensa ya rugo. Amine ya ce "Ça va?" da Faransanci, wato lafiya dai, daga inda yake tsaye. Na ce "Ça va." Madam Fatou mai kula da mu ta so ta duba, na ɓoye hannun cikin riga ina dariya.

Baba ya faɗa tun ranar da ya amince in shiga kulob: randa na dawo da ciwo, ni da keke mun rabu. Fita ta ƙarshe ta bana kuma ranar 28 ce, can sama, inda Madam ta ce ana hango ƙanƙara.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ya kumbura. Ya yi shuɗi. Na sa riga mai dogon hannu.

Litinin, 16 ga Satumba

Abinci ne matsalar, ban yi tunaninsa ba. A faranti ɗaya muke ci ni da Inna da ƙannena, wa zai sa hagu a ciki? Jiya na ce cikina ne. Yau na ce azumin Litinin nake. Inna ta dube ni ta ce, "Ikon Allah, Hamdiya an shiryu." Har ta soya mini ƙosai na buɗa baki. Na kai ɗaki na ci da hagu kamar ɓarauniya.

Kuma da gaske na yi azumin, don kada ƙarya ta zama biyu. Ko ya karɓu? Allah na tuba.

Laraba, 18 ga Satumba

Ba na iya matse ko soson wanka. Na gwada riƙe tsintsiya kamar kan keke, na ga taurari. Ya Allah, kwana goma kawai nake roƙo, daga nan ko gutsurewa zai yi ya yi.

Amine ya wuce ni a lekol, makarantarmu, yana cin burodi. Bai tambaya ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Azumi kuma. Gobe Tanti Rékia, yayar Baba, za ta zo daga Paris. Ita ce take gane sabon kitso ta ƙarƙashin kallabi. Na mutu.

Juma'a, 20 ga Satumba

Ta iso da kilishi da turaren wuta daga Goutte d'Or, unguwar ƴan Afirka a Paris. Na durƙusa muka gaisa, lahiya lau, ina gajiya, ina mutanen Paris, duk na wuce. Sai Baba ya ce in kawo mata ruwa.

Na tsaya a kicin ina kallon kofin. Da dama ba zan iya ba. Na ɗauka da hagu, na ɗora yatsun dama a gefe don a ga kamar da hannu biyu ne. A gabanta hannun daman ya zame.

"Ke! Ni za ki miƙa wa ruwa da hagu? Moctar, haka kuke renon ƴaƴa a Lyon ɗin?"

Baba ya ce, "Canza hannu." Muryarsa ƙasa ƙasa.

Na canza. Wallahi na canza. Kofin ya kai rabin hanya ya tarwatse a ƙasa, ni kuma na ji wata ƙara, ashe daga bakina ta fito. Tanti ta kama hannun rigata ta naɗe. Ta ga kumburin. Ta ce, "Yaushe?" Na ce Asabar. Inna ta ce, "Azumin ke nan," ta zauna a bakin kujera ta rufe fuska.

Asabar, 21 ga Satumba

Tsagewa ce a ƙashi. Sun sa filasta har gwiwar hannu. Likita ta ce da na ƙara jinkiri sai an yi aiki. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A mota ya ce, "Na faɗa miki tun farko." Shi ke nan. Ya kira Madam Fatou ya ce ta cire sunana.

Tanti ce take ba ni tuwo a baki tana zagina. "Shashasha. Mace da keke a kan dutse, akuya ce ke?" Amma ta tambaye ni ko da gaske babu kowa a wurin, ko mai sayar da ruwa. Na ce babu. Ta ce, "To me ake ji?" Sai na fashe da kuka.

Asabar, 28 ga Satumba

Sun tafi. Na ji tashin bas ɗin daga tagarmu, ko kuma wata bas ce. Na buɗe littafi, jarumin yana ta rantsuwa a gaban budurwa, na rufe.

Lahadi, 29 ga Satumba

An turo hotuna a gurup ɗin kulob na waya. Amine a tsakiya, yatsu biyu sama. Na ja hoton don in ƙara girmansa, sai na ga ashe gefen kafaɗarsa nake ja, inda hanyar ta lanƙwasa ta shige cikin itatuwa. Ban san ina ta nufa ba. Abin yana cina.

Alhamis, 10 ga Oktoba

An sake ɗaukar hoton ƙashin, yana haɗewa. Likita ta ce ko akwai tambaya, Baba take kallo, don kullum shi yake amsawa. Sai na ji na ce, "Yaushe zan iya hawa keke a dutse?"

Ta ce idan sanyi ya wuce, in na yi motsa hannun da za su koya mini.

Baba ya ja mota har muka wuce unguwar Guillotière. A jar wuta ya ce, "A gabana kika yi wannan tambayar?" Na ce, "Eh, Baba." Ban sunkuyar da kai ba, ina jin mantawa na yi. Ya daɗe yana kallona har na baya suka yi mana oda.

Bai ce eh ba. Na dai karɓi takardar motsa hannun, na fara tun a mota, da yatsun da suka leƙo daga filasta.