Kiɗan da Malam Isiya bai ji ba

Daren Laraba, garin Isa, tsakiyar damina

Yau ma ba a yi ruwa ba. Geron gonarmu ta Tozai ya nannaɗe ganye, kuma tun ranar da anka fita roƙon ruwa malamai sunka ce a dakata da kiɗa cikin gari.

Na tafi kasuwar Sabon Birni in sayo sifika don piyanon lantarkin da nike koyo, tunda ta jikinshi ta mutu. Mai shago ya jona mini wata, da ya kunna ta har ƙirjina ya amsa. Na so ta ƙwarai. Sai na tuna katanga ɗaya ta raba mu da liman Malam Isiya, kuma har yanzu waƙa guda nike ta maimaitawa, ita ma da kuskure. Na ce mishi hedifon za ni ɗauka, wanda ake sawa a kunne, in riƙa ji ni kaɗai.

Bayan isha'i ina ta danne-danne, Inna ta leƙo ta gan ni ina kaɗa kai cikin shiru.

"Sani, lafiyarka ƙalau?"

Na ɗora mata hedifon bisa kallabi, na buga ɗan abin da na iya. Ta rufe ido. Rabon da in ga fuskarta ta saki haka tun da shukarmu ta biyu ta ƙone.

Da na gama ta ce, "Allah dai yana ji, amma Malam Isiya bai ji ba. Sake min daga farko."

Na yi ta sake mata har batir ya ƙare.