Kunu a Cikin Tafireta

Zuwa ga Yaya Sule,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Asabe da yara. Ina labarin garin Ikko? Yaya ƙafar taka? Ni lafiya lau, sai kewa. Matata Hauwa tana Tsohon Birnin Gwari wankan jego, gidan ya yi mini faɗi.

Ranar Laraba tsautsayi ya same ni a ofishin gandun daji. Gwiwar hannuna ta bige kwanon kunun tsamiya, ya tuntsure cikin tafireta. Kafin azahar haruffan sun manne, kiyashi ya cika ta. Ita kaɗai gare mu, mai gyara yana Kaduna, ruwa kuma ya cinye hanya. Babban akawu ya ce, "Malam Isa, in ta mutu, ban san aikin da za ka zauna yi a nan ba."

Sai na tuna yadda kake kwance keken ɗinkin Inna, ina riƙe maka kusoshi. Na samo kananzir da gashin kaza, na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, na shanya ta a inuwa. Da na gwada, ta buga tsaf. Wallahi Yaya, har na juya zan ce ka zo ka gani. Babu kowa, sai kukan birai daga daji.

Ka sa ni a addu'a, Allah ya sa a mayar da ni kusa da mutane. Ka gaishe da Kawu Bala. Ka daure ka rubuto, ko layi biyu ne.

Ƙaninka,
Isa